Guzurin mamaci: me zan kai wa Nana?

Telan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni barci, kuma ba na son in tayar da ita a gida don kada in ƙara wa Mma ciwo a kan wanda take ciki.

Ɗinki nake yi a Aboabo, nan Kumasi. Babana Bahaushe ne, fataucin goro ya kawo kakansa daga Kano ta hanyar Salaga, ya zauna bai koma ba. Mma kuwa 'yar Tonawa ce, wato Ashanti, daga wani ƙauye can bayan Ejisu. Ta musulunta kafin a ɗaura musu aure.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Baba. Ranar Talata da hantsi ya cika, kafin la'asar mun dawo daga maƙabartar Tafo. Ni na yanka likkafaninsa da almakashin da nake aiki da shi kullum. Agogonsa da zobensa na azurfa an cire, tasbaharsa tana hannun ƙanena har yau. Ko tsinke ba a sa masa ba. Farin yadi, itace, ƙasa, shi ke nan.

To yanzu Nana ce ta rasu, mahaifiyar Mma. Wata uku ke nan tana firij a mutuware. Ana jiran wani ɗanta da ke Italiya, ana kuma gyara rufin gidan dangi a shafa masa fenti, don kada baƙi su zo su ga gida a lalace. Ni da na saba da a yi gaggawa, duk daren Allah sai na tuna tana kwance cikin sanyin nan, ita da ko a damina sai ta hura wuta a ɗaki.

Makon jiya Wofa, yayan Mma, ya zo har shago da takarda. An yanka wa kowane jika sidi 600 na hidima, wannan ban damu da shi ba. Amma ban da kuɗin akwai kayan da ake so ɗakin Mma ya kawo a nuna a gaban jama'a: sabulu, soso, tawul, hoda da turare na wanka, sai zane, tabarma, matashi, zobe, da hankici da za a ƙulle kuɗi a bakinsa. Waɗannan na ƙarshe cikin akwati za a sa su. Adesiedie suke ce musu. Na tambayi Wofa kuɗin kuma na mene ne. Ya ce hanyar Asamando, wato lahirarsu, tana da nisa, akwai tudun da za ta hau, akwai kogin da za ta ƙetare, za ta buƙaci abin sayen ruwa da abin sallamar mai fito. Ya ce kuma can za ta tarar da uwarta da kakanninta, abin kunya ne ta isa hannu rabbana kamar wadda ba ta haifa ba. Da gaske yake faɗa, idonsa cike da hawaye. Nana kuwa 'yar cocin Methodist ce, ba ta fashin Lahadi, amma duk da haka sai an yi mata wannan.

Ina so ku san wace ce matar nan a wurina. Duk hutun makaranta ƙauye ake kai mu. Ta ware mana tukunya guda da ba ta taɓa ganin naman daji ba. In za a ci kaza sai ta miƙo mini wuƙa ta ce in yi irin na gidanmu. Shekarar da azumi ya same ni a can ina ɗan shekara 13, ita ke tashi tun duhu ta dafa mini ampesi, wato dafaffiyar doya ko agada, ta tashe ni sahur. Ba ta taɓa ce mini in bi ta coci ba, ko sau ɗaya.

Na ɗinka wa Tonawa kayan makoki ba adadi, baƙi da ja, duk Juma'a shagona cike yake da masu karɓar na Asabar. Ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba sai da abin ya shigo gidanmu. Daga ina wannan al'ada ta yi wa mamaci guzuri ta fito? Tonawa ne kaɗai, ko mu ma Hausawa mun taɓa yi kafin Musulunci? Sannan ni yanzu yaya zan yi? Ba na son in saɓa wa Allah, ba na kuma son a nuna Mma da baki a garinsu a ce 'ya'yanta na Zango sun ƙi uwarta.

Ɗan Asawase ya amsa:

Wa alaikumus salam. Yaya Tela, Allah ya ba ku haƙuri, amma ni ban ga abin dogon tunani a nan ba. Mamaci ba ya sayen ruwa, ba ya biyan mai kwalekwale. Sa kuɗi a kabari ɓarnar dukiya ce, yarda da cewa zai kashe su kuwa ya fi ɓarna muni. Ka aika da gaisuwa ka zauna a shagonka. In ka je za a zuba giya a ƙasa a kira sunayen matattu kana tsaye. Kuma mu duba kanmu, don zama da maɗaukin kanwa ne ke kawo farin kai. Dubi addu'o'in da ake yi a Zango yanzu, an kafa kanofi an tare hanya, an fitar da anko, an buga hoton mamaci a riga. A wurin wa muka koya?

Malamin Tarihi, Madina ta Gana, ya amsa:

Tela, Allah ya ba Mma dangana. Hukunci ba fagena ba ne, na bar wa malamai. Amma tambayarka ta ko mu ma mun taɓa yi, a nan ina da abin cewa.

Mun yi. Tsakanin Katsina da Daura, a ƙasar Mani, akwai wurin da ake kira Durbi Takusheyi. Sunan ma ya isa, ta kusheyi. Manyan tuddai ne na ƙasa da aka tara a kan sarakunan da. Wani Bature, Palmer, ya fara tona su a 1907, a 1992 kuma aka tona uku aka kai kayan Jamus aka bincika. Kowane tudu mutum ɗaya ne a tsakiyarsa, tare da wuri, da duwatsun wuya, da awarwaron hauren giwa, da 'yan kunne na zinariya, har da wata tasa ta ƙarfe ƙirar ƙasashen Musulmi na gabas. An ƙiyasta kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Ka lura da lokacin. Wangarawa sun iso Kano da Musulunci zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, ke nan ana kiran salla a wani gari, a wani garin ana binne sarki da zinariyarsa. Ba dare ɗaya aka bari ba.

Tsohuwar daular Gana ma, ta can wajen Mali da Muritaniya ba tamu ta yau ba, al-Bakri ya rubuta a 1068 yadda ake binne sarkinta. A gina masa rumfar katako, a kwantar da shi a ciki da kayan adonsa da makamansa da ƙoren da yake ci yake sha da su, cike da abinci. A shigar da masu yi masa hidimar abincin, a rufe ƙofa, jama'a su yi ta zuba ƙasa har ta zama tudu.

Amma wanda ya fi taɓa ni ba na sarki ba ne. A hamadar Tenere ta Nijar akwai wani wuri, Gobero. A shekarar 2000 wani masani daga Amurka, Paul Sereno, yana neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare, sai ya faɗa kan maƙabartar mutane, kaburbura wajen 200. Da can tafki ne a wurin, da kifi da kada da dorina. A ciki aka sami wata mata kwance a gefenta, yara biyu suna fuskantarta, ɗaya kamar ɗan shekara 5 ɗaya kamar 8, hannuwansu a sarƙe da nata. Sun fi shekara 5,000 a haka. A ƙasan da suke kwance an sami burbushin furanni, abin da ya sa ake ganin shimfiɗar fure aka yi musu. Akwai kuma wata yarinya da aka binne da awarwaron hauren dorina a damtsenta. Duk lokacin da na kai nan a aji sai yara su yi tsit. A Kenya, a kogon Panga ya Saidi, an sami kabarin yaro ɗan shekara 3 ko ƙasa da haka wanda ya kai shekara 78,000. An lanƙwashe masa ƙafafu zuwa ƙirji, kuma yadda kansa ya karkata ya nuna an tokare shi da wani abu mai laushi da ya ruɓe daga baya. Matashi ke nan, Tela, irin wanda ke cikin takardar Wofa.

Sai dai a yi hattara. Ƙashi yana nuna abin da aka ajiye, ba ya faɗar abin da ke zuciyar wanda ya ajiye. Nan arewacinmu a Yikpabongo, ƙasar Koma, da Farfesa Anquandah na Jami'ar Gana da ke Legon ya tona tuddan gumakan yumɓu a 1985, kaburbura aka ɗauke su. Masu binciken da suka biyo baya sun fi karkata ga cewa wuraren tsafi da magani ne. Don haka ba zan ce maka matar Gobero ta yarda da lahira irin kaza ba. Abin da zan iya cewa, tun fil azal ɗan Adam ba ya iya jefar da nasa ya juya. Sai ya gyara masa kwanciya.

Abu ɗaya kuma game da wata ukun nan da ke damunka. Wannan ba ta kaka da kakanni ba ce. Kafin firij Tonawa cikin 'yan kwanaki suke binnewa, sai daga baya a sa ranar ayie, babban taron makokin. Wutar lantarki ce ta haɗe binnewa da taro wuri ɗaya.

Telan Aboabo ya sake rubutawa:

Malam, na gode ƙwarai. Na karanta wa Mma labarin matar nan da yaranta da Tonanci, ta yi shiru, can ta ce ko wa ya tsinko furannin. Ɗan Asawase, na ji ka, kuma ba na musun abin da ka faɗa kan kuɗin. Amma zama a shago ba zai yiwu ba. Matar da ta tashe ni sahur ce.

Hajiya ta Nima ta amsa:

Ɗana Tela, sannu da rashi. Jikata ce ke rubuta mini, ni baki kawai nake sawa.

Shekara 26 ina wankan gawar mata a Nima da Mamobi. Bari in gaya maka abin da ban cika faɗa ba. Wata shekara aka kira ni wankan wata yarinya 'yar shekara 4, zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana biyu. Uwar 'yar gidan malamai ce, ta sauke Alƙur'ani, ta san komai. Na gama wanka ina naɗe likkafani sai ta shigo a sace, ta danƙa mini wani ɗan warwaro na roba, ja, ta ce Hajiya don Allah ki sa mata, ba ta barci sai da shi. Na riƙe hannunta na ce 'yar nan, inda za ta an fi mu iya reno. Na mayar mata da shi a tafinta na dunƙule. Har yau in mun haɗu a kasuwa sai ta buɗe jaka ta nuna mini shi. To ka ga wannan ba a wurin Tonawa ta koya ba, ba kuma a littafi ba. Don haka kada ka ga Wofanka kamar wani jahili. Abin da ya taso wa yarinyar nan shi ya taso masa, shi dai bai sami wanda zai dunƙule masa hannu ba.

Mu nan Ankara, babban birnin Gana, abin da muke gani ya fi naku. In ka bi hanyar Teshie za ka ga akwatunan gawa a jere bakin titi, na masunci kifi, na direba mota, na manomi ƙwanson koko. Tun zamanin wani kafinta, Kane Kwei, ake sassaƙa su, Turawa har saye suke su kai gidajen tarihi. Su a ganinsu mutum zai ci gaba da sana'arsa a can. Ni kam duk na wuce sai in tuna makararmu ta masallaci, guda ɗaya tal, ita ta ɗauki Alhajin da ya gina benaye, ita ta ɗauki ɗan dako.

Shawarata ka je. Kai in ka ƙi zuwa ba abin da zai same ka, Mmarka ce za ta sha. A wurinsu dangi ta uwa ake bi, kai ɗan gidan ne cikakke, ba baƙo ba. Ka tafi da abincinku da butarka. In kun isa ku bi layi ku gaisa daga dama zuwa hagu yadda suke yi, ka zauna kusa da ita, ka ba da nsawa, wato gudummawar makoki, a kira sunan ɗakinku a lasifika ta ji. Za ka ga jikoki suna zagayawa suna tsokanar manya sai an sallame su, kada abin ya ba ka mamaki, mu ma haka jikoki ke yi in tsoho ya rasu, ana kuka suna neman nasu kason na gumba. Sauran kuma ka ji daga Malam.

Kai kuma ɗana na Asawase, maganar anko gaskiyarka ce. Na ga matar da ta ci bashi ta yi ankon arba'in ɗin maƙwabciya, marayun kuwa ba wanda ya tambayi kuɗin makarantarsu.

Malam na Zangon Kumasi ya amsa:

Bismillah. Malam Tela, tambayarka ba sabuwa ba ce, sahabbai da yawa iyayensu ba su musulunta ba.

Binne mamaci shi ne farkon abin da aka koya wa ɗan Adam game da mutuwa. Suratul Ma'ida aya ta 31, Allah ya aiko hankaka yana tonon ƙasa don ya nuna wa Ƙabila yadda zai rufe gawar ɗan'uwansa. Da Abu Ɗalib ya rasu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Sayyidina Ali ya je ya binne mahaifinsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito an wuce da gawa ya miƙe tsaye, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ce? Risalar da muke karantawa a zaure ta ce Musulmi ba ya wanke mahaifinsa da ba Musulmi ba, ba ya kuma shigar da shi kabari, sai in ya ji tsoron zai tozarta, sai ya rufe shi. Nana tana da masu yi mata wannan, ba kai za ka yi ba. Suratu Luƙman aya ta 15 kuma ta ce kada a bi iyaye cikin shirka, amma a zauna da su a duniya da kyautatawa.

Saboda haka ka raba takardar Wofa gida biyu. Abin wanka da zanen da za a rufe ta da shi sutura ce, ka kai da niyyar sada zumunci da faranta wa mahaifiyarka. Kuɗin hidima ma ka biya. Amma kuɗin hankici da zobe, waɗanda ake sawa da nufin ta yi amfani da su a hanya, kada su fito daga hannunka. Hadisi ya ce abu uku ke raka mamaci, iyalinsa da dukiyarsa da aikinsa, biyu su dawo, aikin ya zauna. In an zo zuba giya ka ja gefe ba tare da ɗaga murya ba. Kuma kada ka bari sai ranar taro, ka je ka sami Wofa tun yanzu, kai da shi, ka gaya masa abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba.

Akwai wadda ba ka tambaya ba amma na san tana ranka. Muslim ya ruwaito Annabi ya nemi izinin nema wa mahaifiyarsa gafara ba a ba shi ba, ya nemi izinin ziyartar kabarinta aka ba shi. Ya je, ya yi kuka, ya sa na kusa da shi kuka. Kukanka ba laifi ba ne, ziyara ma haka. Al'amarinta ka bar wa Wanda ya ga tukunyar da ta ware muku.

Ɗana na Asawase, kishinka mai kyau ne, amma yanke zumunci ba ya cikin abin da aka umarce mu.

Telan Aboabo ya dawo:

Jama'a, an binne Nana ranar Asabar da ta wuce.

Na yi yadda Malam ya ce. Tun da saura kwana goma na shiga mota a Kejetia na je na sami Wofa a gonar kokonsa. Da farko ya ɓata rai, ya ce mu 'yan Zango kullum da namu. Na ce masa zanen da za a rufe ta da shi ni zan saya, kuma ni zan dalle bakinsa da hannuna, ba yaron shago ba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce hankicin shi zai ɗauka.

Na sayi turmi guda, fari mai ɗigon baƙi, irin wanda take so ta ɗaura ranar Lahadi. Kuɗin da da za a ƙulle a hankici na ninka su na kai wa ƙanwar Mma, wadda ta yi shekara uku tana kwashe kashi da fitsarin Nana, kuma ban ji an ambaci sunanta a lasifika ba ko sau ɗaya. Ta ƙi karɓa sai da Mma ta sa baki.

Da aka kwantar da ita daren Juma'a na shiga na gan ta. Wata ukun nan ya canja ta, hoda da gwal ba su ɓoye ba. Wannan kam har yanzu zuciyata ba ta karɓe shi ba, kuma na gaya wa Wofa haka. Lokacin zuba giya ni da ƙanena muka zaga bayan gida muka yi la'asar ƙarƙashin bishiyar lemun da ta dasa. Wata tsohuwa da ban sani ba ta hango mu, ta kori yaran da ke wasa a gabanmu.

Hajiya, an kira sunan ɗakinmu, Mma ta ji. Yadi biyu sun rage daga turmin, ta karɓe ta ce in dalle mata su ta riƙa yafawa in za ta yi salla. Bayan babbar salla za mu koma mu ga kabarin, in Allah ya kai mu.